Daga Magazin: amsoshin masu son canza inji da giya a tsohuwar pikop

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru wannan makon kusan duk na masu tsofaffin pikop ne, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke ce wa akori-kura, don haka na haɗa su wuri ɗaya. Da yawanku sun nemi in faɗi farashi. Ba zan rubuta ba. Kayan mota a Magazin na Suame, unguwar gareji da kayan gyara a Kumasi, da kasuwar Abossey Okai ta Accra dala suke bi, duk wanda ya ga yadda sidi, kuɗinmu na Ghana, ta faɗi a 2022 ya san abin da na rubuta yau zai iya zama ƙarya kafin Juma'a. Abin da zan iya ba ku shi ne yadda za ku gane abin da kuke saya.

Tambaya: Malam, ina da Hilux mai inji 3L, shekara 11 ke nan ina ɗauko masara da ita daga Ejura zuwa Kumasi. Watan jiya ta yi zafi a hawan Mampong har ruwa ya tafasa. Tun ranar take shan baƙin mai, tana hayaƙi, da safe sai an tura. Fitana, wato makanikina, ya ce a yi garambawul. Abokina ya ce in sayi inji 5L hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. Ɗana kuma ya ce in sa D-4D, injin dizal na Toyota mai aiki da kwamfuta, in huta gaba ɗaya. Wa zan bi? Daga wani Alhaji a Aboabo.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Mutum uku sun ba ka shawara, amma ban ga wanda ya tambayi abin da ya kamata a fara tambaya ba: me ya tafasa ruwan? Inji ba ya zafi don kawai ya tsufa. Ko lagireto ya toshe da tsatsa saboda shekarun da aka yi ana ɗura masa ruwan rijiya, ko famfon ruwa ya ci, ko fanka ta daina kamawa idan zafi ya tashi, ko murfin lagireto ya saki. Ko kuma, kada ka ji haushina, buhunan sun fi ƙarfin motar. Pikop irin taka kamar tan 1 aka yi ta ta ɗauka. Buhun masarar Ejura kuwa sunansa ne kilo 100, amma kai ka fi ni sanin irin hular da ake ɗinka masa. Buhu 10 sun riga sun cika ta. Idan 15 kake hawa Mampong da su, kowane inji ka sa, a gefen dutsen nan za ka sake tsayawa. Duk abin da ya kashe tsohon injin yana nan cikin motar yana jiran sabo.

To mu zo kan garambawul. Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, a auna matsin kowace silinda. Akwai masu ma'aunin a Magazin, kuma kuɗin awon bai kai na buhun masara ɗaya ba. Littafin Toyota na wannan dangin inji ya ce lafiyayye yana ba da kilo 32 a kowace murabba'in santimita, mafi ƙaranci 20, kuma bambanci tsakanin silinda da 'yar'uwarta kada ya wuce 5. Da wannan awon za ka san ko ringi ne ya mutu ko matsalar a sama take. Sannan a cire kan injin a kai wa masu gwada shi da matsi, domin kan inji na dangin L ba ya yafe zafi, tsagewa yake yi, wani lokaci tsagar da ido ba ya gani. Idan kan bai tsage ba, bulok bai taɓa shiga wurin masu yanka ba ko sau ɗaya kawai ya shiga, karanshaf kuma yana da sauran nama, to garambawul ya fi mini hom-yus. Dalili kuwa ka san tarihin injinka. Ka san man da ya sha da wahalar da ya sha. Na kasuwa ba ka san komai a kansa ba sai abin da mai shago ya faɗa maka.

Amma garambawul na gaskiya nake nufi. Abin da ake yawan yi shi ne a sa sabon ringi a cikin silindar da ta riga ta buɗe, a canza metal, wato shimfiɗar da karanshaf ke juyawa a kai, a shafa gam, a rufe, a ce an gama. Wata 4 hayaƙi ya dawo, a ce ai kayan yanzu ne ba su da kyau. Na gaskiya sai an auna silinda, in ta buɗe a yanka a sa fistin mai ƙarin 0.50, a auna karanshaf, a kai famfon dizal da nozul wurin mai gyaransu a ɗora su a injin gwaji. Kayan kuma ka je ka saya da ƙafarka tare da fitan, zuwa da kai ya fi aike. Idan aka tarar kan ya tsage kuma bulok ya sha yanka sau biyu, rufe littafin garambawul. Nan ne maganar abokinka ta shigo.

Abokinka ya yi gaskiya da ya tsaya cikin dangi. 2L da 3L da 5L 'yan gida ɗaya ne: cc 2,446 da 2,779 da 2,986. Bakin da suke haɗuwa da akwatin giya ɗaya ne, saboda haka 5L zai zauna inda 3L ya tashi ba tare da an kira mai walda ya yanka shasi ba. Kada dai ka sa rai motar za ta zama wata dabam. Bambancin cc 200 ne da 'yan kai, za ka ji shi a hawa, ba za ka ji shi a fili ba. Abu biyu ka kula. Na farko akwai 5L, akwai 5L-E. Mai E ɗin famfonsa na lantarki ne, ba ya aiki sai da ƙwaƙwalwarsa, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, da wayoyinta da totur irin nasa. Motarka ba ta da ko ɗaya. Nemi wanda famfonsa ke karɓar igiyar totur kai tsaye. Na biyu, da yawa daga injunan L da ke jere a Magazin daga bas ɗin Hiace aka cire su, inda inji ke kwance ƙarƙashin kujerar direba. Cikinsu ɗaya da na Hilux, amma kaskon baƙin mai, da bututun da ke zuƙo man, da sandar awo, da kujerun inji, da hanyar shigar iska duk sun bambanta. Za a kwaso waɗannan ne daga tsohon injinka a mayar a kan sabon. Idan motarka mai jan ƙafa huɗu ce aka bar kaskon Hiace, ramin farko da ka faɗa aksul na gaba zai iya fasa shi. A ƙirga ƙusoshin fulawil ma tun a shago, kada a je gareji a tarar ba su yi daidai ba.

Maganar ɗanka kuwa, Allah ya yi masa albarka, ya ga Hilux na 2005 zuwa sama suna wuce shi a titin Techiman ne. D-4D inji ne mai kyau a motar da aka yi shi dominta. A taka kuwa ba inji kaɗai za ka saya ba. Sai ƙwaƙwalwa, sai wayoyi gaba ɗaya, sai makulli mai lamba da na'urar da ke gane shi, sai totur na lantarki, sai na'urar sanyaya iskar tabo, sai akwatin giyarsa domin bakin taka bai dace ba, kuma ko ya dace, ƙarfin murɗin mai lita 3 ɗin ya kusa ninka na 3L, zai cinye ta. Daga nan farfela ta canza tsawo, kujeru su canza wuri. Ga shi man yana shiga nozul da matsin da ya haura kilo 1,000 a kowace murabba'in santimita, ɗigon ruwa ko ƙura a dizal ɗin da ka saya a galan a wani ƙauye bayan Ejura ya isa ya kashe nozul, kuma nozul huɗu na D-4D kuɗinsu ba wasa ba ne. 3L da 5L kowane fita daga Suame har Bawku ya san cikinsu da sufana da sukudireba. D-4D idan ya tsaya a daji, sai mai kwamfuta. Idan ɗanka na son D-4D, ya tara kuɗi ya sayi motar da ta zo da shi.

Yanzu ranar saye. Ka je da sassafe, kuma tun jiya ka gaya wa mai shago kada ya tayar da injin sai ka iso. Ka ɗora hannu a jikinsa, in da ɗumi ka ce sai gobe. Ni kaina an taɓa yi mini. Shekarun baya na je wani shago na tarar inji na ta ƙugi a ƙasa lafiya lau, mai shi na murmushi, na biya. Washegari da asuba bayan an ɗora, sai da muka ƙarar da batir biyu bai tashi ba. Ashe matsi ya riga ya tafi, da ɗumi kawai yake rayuwa. Tun ranar ba na yarda da injin da ban gani a sanyi ba.

Idan ya tashi, buɗe murfin baƙin mai ka ɗora shi a bakin ba tare da murɗawa ba. In yana rawa yana tsalle, hayaƙi na fita kamar butar shayi, ringi ya ƙare. Hayaƙin salansa shuɗi mai ne yake ƙonewa. Fari wanda bai ɗauke ba bayan 'yan daƙiƙu, ko matsi ya yi ƙasa ko nozul ko lokacin famfo ya goce. Baƙi ya fi sauƙi, yawanci famfo ne ko nozul. A ɗaura ma'aunin matsin mai na gaske, ba fitila ba, kuma ka taɓa man da yatsa, domin akwai masu zuba mai kauri kamar zuma don su rufe bakin metal. A cire murfin sama ka leƙa: launin ruwan shayi alheri ne, baƙin laka kuwa mai shi bai san hanyar wurin juye ba. Ka duba gefen kasko da gefen kan inji, sabon gam na nuna an taɓa buɗe shi a nan gida, ba yadda ya sauka daga jirgi yake ba. Injin da aka wanke fes aka fesa masa fenti ya fi mai ƙurar Turai ba ni tsoro. Kada kuma a bar shi yana aiki fiye da minti 2 babu ruwa. In akwai hali, sayi wanda ke cikin rabin mota tukuna, a cire a gabanka. Ya fi tsada, amma ka ga inda ya fito, kuma ƙananan abubuwan da za su ci maka kuɗi ɗaya bayan ɗaya suna biyo shi.

Kafin a ɗora, tunda yana ƙasa kowa na iya kai hannu: sabon belin taimin da abin ɗaure shi, famfon ruwa, robar hana yoyo ta gaba da ta bayan karanshaf, kuloci gaba ɗaya. Toyota ta ce a canza wannan belin duk kilomita 100,000, shi ya sa akwai fitilarsa a gaban direba, kuma ba ka san yaushe aka canza na wannan ba. Idan ya tsinke fistin da bawul karo suke yi. Lagireto kuma sabo, ko a buɗe tsohon a zurara shi bututu bututu. A mayar da tamostat, ko da fita ya ce ƙasarmu akwai zafi ba a bukatarsa. Cire shi ba ya warkar da toshewar lagireto, ɓoye ta yake yi har ranar da za ka hau Mampong da kaya. A zuba ruwan sanyaya inji na galan, a bar wa masu alwala ruwan rijiya. Duk wannan yana nufin kuɗin da ke hannunka ka raba uku: biyu na inji, ɗaya na abin da ke kewaye da shi. Wanda ya zuba duka a inji shi ne motarsa ke kwana wata biyu a gareji kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Tambaya: Marigayi maigidana ya bar mini Nissan Hardbody mai fetur, ina raba ruwan leda da ita a Nima da Maamobi da Kotobabi. Direba ya dame ni wai mai ya yi mata yawa, a cire injin a sa TD27 na dizal. Injin bai lalace ba. In yarda? Daga wata Hajiya a Nima.

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta. A taƙaice, kada ki yarda tukuna.

Ba don TD27 ba shi da kyau ba. A injunan dizal na da, kaɗan ne suka kai shi jimiri. Cc 2,663 ne, ba shi da belin taimin, haƙoran ƙarfe ne ke juya shi, shi ya sa ya daɗe yana jan bas ɗin Urvan na tirotiro, wato motocin haya, har tasin Landan an yi da shi. Matsalar ita ce mayar da motar fetur ta koma dizal ba cire wannan a sa wancan ba ne. Za a wanke tanki, a ja bututun da ke mayar da ragowar mai, a sa matatar dizal mai ware ruwa, a ja wayar filogin hita, a sa batir babba, a canza lagireto da salansa da kujerun inji. Bakin akwatin giya bai dace ba, don haka gara a sayi injin da giyarsa tare, daga nan kuma a koma kan farfela. Gaban motar zai yi nauyi, sai an ɗaga. Wasu injunan da aka cire daga motocin kaya irin su Atlas na volt 24 ne, taki 12 ce, sai an canza kik da altaneta da hita. Akwai kuma wanda in aka manta rai ne a ciki. Birkin motarki yana samun taimako ne daga zuƙon iskar da injin fetur ke yi da kansa. Dizal ba ya yin wannan zuƙon, sai da ɗan famfo da ke bayan altaneta. Altaneta ta ƙone, wani ya sa ta motar fetur saboda ta fi araha, birki ya zama dutse a gangaren Kanda da buhu 70 a baya. Buhun ruwa leda 30 ne, kilo 15, buhu 70 ya haura tan 1.

Sai lissafi. Da can dizal ya fi fetur araha, shi ya sa dattawa har yau suke ganin riba ce. Tun da gwamnati ta saki farashin mai a 2015 yana canzawa sau biyu a wata, kuma sau da yawa litar dizal ta fi ta fetur tsada. Abin da ya rage shi ne dizal ya fi tafiya da lita, a ce ya rage miki kashi ɗaya cikin huɗu. Ki ɗauki kuɗin man wata guda ki raba huɗu, wannan ne abin da za ki tsira da shi. Ki raba kuɗin aikin gaba ɗaya da shi, ki ga wata nawa kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Mai zuwa Tamale duk mako zai iya mayar da kuɗinsa cikin shekara ɗaya ko biyu. Mai zagaye tsakanin Nima da Kotobabi, tsaya nan sauke biyar, tsaya can sauke goma, zai daɗe. An sayar da kare an sayi biri ke nan, tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da zan yi in ni ne ke: a wanke kafireto a saita, a canza filogi da matatar iska, a duba birki ba ya riƙewa, a cika iskar taya. Sannan ki sayi littafi. Duk ranar shan mai a cika tanki, a rubuta lita da lambar kilomita, rasit kuma ya zo hannunki. In agogon kilomita ya mutu a gyara shi kafin komai. Wata ɗaya ya isa ki san ko injin ne ke shan man. Ba na zargin direbanki, ban san shi ba. Na dai sha ganin motar da ta rage shan mai ranar da aka sayi littafi, ba a taɓa injinta ba.

Tambaya: Baba, Tacoma ta 2002 gare ni mai silinda 4, daga Amurka ta zo, giya mai canza kanta. Yanzu in ta yi zafi sai inji ya yi ta ihu mota ba ta ja. Ina son in mayar da ita ta hannu in rabu da wahala. Daga wani saurayi a Asawase.

Amsa: Ɗana, kafin giya, shiga ƙarƙashin motar da guduma ka bubbuga shasi, musamman wajen maƙalin sifirin na baya. Tacoma na waɗannan shekarun da suka zauna a jihohin da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara sun yi suna wajen ruɓewar shasi, har kamfanin ya sayi wasu na 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su a can. In guduma ta shige, kada ka ƙara kashe ko sidi ɗaya.

In shasi lafiya, zaro sandar awon man giya. Ja mai haske babu wari, akwai fata: yana iya zama man ya yi ƙasa, ko matata ta toshe, ko ɗaya daga solinoyid ɗin da ke canza giya, a sa kwamfuta a duba. Baƙi mai ƙaurin ƙonewa, faifan ciki sun ci. In kuwa ya koma kamar madara mai ruwan hoda, bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto ne ya fashe ruwa ya shiga, lagireton ma ya tafi.

Mayarwa ta hannu ana yi, na ga an yi da kyau, na ga an yi gyaran gangar Auzinawa. Bayan akwatin giyar kanta, wadda a wannan motar W59 ce, kana bukatar fulawil, kuloci, fedal uku da maƙalinsu, famfon kuloci na sama da na ƙasa, farfela, gadar da giya ke zama a kai, sannan mai waya ya gyara hanyar kik da fitilar ribas, kuma ƙwaƙwalwar za ta ci gaba da neman giyar da babu in ba a canza ta ba. Duk a samo su daga mota ɗaya irin taka mai sitiyari a hagu. Tun 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, rabin motar da ta fito daga Japan ko Ingila fedal ɗinta da wayoyinta na ɗaya gefen ne, ba za su zauna maka ba. Tacoma kuma ba Hilux ba ce, kayanta na hannu ba su cika Magazin ba.

Ni dai zan sa wata mai canza kanta irin wadda aka cire. In injinka mai lita 2.7 ne, A340 ce, tana cikin masu ƙarko, ba a banza ta kai shekara 20 ba. A wanke bututun sanyaya mai ko a canza lagireto, in ba haka ba dattin tsohuwar zai shiga sabuwar. A tabbata tulun da ke tsakanin inji da giya ya zauna har ƙarshe kafin a ɗaure, in aka ja shi da ƙusa famfon giya ya fashe tun ba a tayar ba. A zuba man da aka rubuta a sandar awo, ba wanda yaron shago ya miƙo ba. In kana ɗaukar kaya, ƙara ɗan lagireton man giya a gaba.

Tambaya: Na canza aksul na baya a Hilux ɗina. Tun ranar in na sa ƙafa huɗu sai ta riƙa ɗaurewa, taya na kuka. Daga wani mai gawayi a Sawaba.

Amsa: Malam, daina sa ƙafa huɗun yau ɗin nan. An ba ka aksul da haƙoransa ba su yi daidai da na gaba ba. Hilux na zuwa da 4.30, da 4.56, da 4.88 da wasunsu, gaba da baya dole su zama ɗaya, in ba haka ba suna jan juna har wani abu ya karye. Ɗaga taya ɗaya, yi alama da alli a farfela, juya tayar sau 2 cif kana ƙirga juyin farfela. Huɗu da rabi da ɗan ɗoriya 4.56 ke nan, kusan biyar 4.88. Yi haka gaba da baya, ka koma wa wanda ya sayar maka da lambar a hannu.

Tambaya: An gama sa mini wani inji, mota na tafiya. Sai na je DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci? Kuma fita ya ce tsohon injin nasa ne, haka al'ada take. Daga wani ɗan'uwa a Madina Zongo.

Amsa: Ka je, ɗan'uwa. Abin da ke rubuce a takardun mota ya kamata ya yi daidai da abin da ke ƙarƙashin bonet, balle in fetur ya koma dizal ko girman inji ya canza. Motar haya ko ta kasuwanci duk wata 6 take zuwa gwajin lafiya, ba ka son ranar ce za a fara tambayarka ina ka samo wannan. Ka riƙe rasit mai sunan shago da lambar da ke jikin bulok, ka karanta lambar da idonka, domin injin sata ma shago yake shiga. Kwanakin garanti da mai shago ya yi alkawari su ma a rubuta, a kuma rubuta daga ranar da aka tayar da mota za a fara ƙirga, ba ranar da aka biya ba. Kuɗin a rubuta da sabuwar sidi. Tun 2007 aka yanke sifili huɗu, amma har yau dattijo zai ce maka miliyan 100 yana nufin 10,000, na ga an yi rigima a kan wannan. A DVLA ka shiga ciki ka biya a taga. Yaran da ke tare mutane a ƙofa, waɗanda duk Ghana ke kira da sunan goronmu, wato goro boys, su ne hanyar samun takardar da ba ta cikin kwamfuta. Kamfanin inshora ma ka sanar da su a rubuce, kada ranar tsautsayi su ce ba wannan motar suka sani ba.

Tsohon inji kuwa naka ne, sai in kun yi magana tun farko cewa yana cikin kuɗin aiki. Ba na ce ka yi faɗa da mai gyara maka mota ba. Ku zauna ku raba. Famfon dizal, nozul, kik, altaneta da kan inji in bai tsage ba, ɗauke su ka shafa musu mai ka naɗe a buhu ka ajiye a ɗaki, duk ranar da na kan motar ya ba da matsala ga madadi. Bulok da karanshaf in fitan na so, ya yi musu kuɗi a cire daga ladan aikinsa. In ya ce ai ƙarfe ne kawai ba shi da amfani, ka ce to madalla, ka kira 'yan kondem, masu sayen tsohon ƙarfe, su ɗora a sikeli a gabansa, ka ga ko zai bari su tafi da shi.